Tanimu Falanto da Ilimin Ƙura Ido

Duk wanda ya zauna unguwar Zariya ta Maraɗi a ƴan shekarun nan ya san Tanimu, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Falanto ne, wato masinja, a biron wani ƙaramin furoje, ofishin da ke taimaka wa mata masu lambu: shi ke shara, shi ke kai takardu, shi ke jera kujeru in za a yi taro. Amma in ka ji shi da la'asar a bencin mai shayi, sai ka rantse shi ke riƙe da furojen, Madam Saloma shugabar biron sa hannu kawai take yi.

Abu ɗaya ke cin ran Tanimu, wato rigar aikin masu fita ƙauye, mai aljihu takwas da sunan furoje a baya, wadda ake ba mutum tare da babur. Shekara tara yana kallonta a jikin wasu. Kwatsam sai aka ce ana neman mai koyarwa a Jiratawa. Madam Saloma ta ce duk mai so ya ba da suna. Ranar Alhamis mai zuwa za a raba matan lambu gida biyu, kowa ya koya wa rabonsa yadda ake yin garin zogale mai tsabta, mataki biyar. Wanda matansa suka fi riƙe darasin, riga da babur nasa ne. Mutum biyu suka ba da suna: Febi mai kula da ɗakin kaya, wadda kan yini ba ta yi magana goma ba, da Tanimu.

A wannan makon ne wani masani ya zo daga Yamai ya yi wa manyan ma'aikata horo. Tanimu ya shiga da tiren lemo daidai lokacin da baƙon ke cewa, "In ka haɗa ido da mutum, hankalinsa na dawowa kanka nan take." Tanimu ya tsaya cak da tire a hannu. Kafin ya ji ci gaba, Madam ta miƙo masa makirfo ta ce batir ya mutu, ya je ya sayo. Yana shago yana ciniki baƙon ya kawo sauran rabin maganar, cewa shi wannan haɗa idon yana cin wani kaso na hankali, shi ya sa mai tunani mai nauyi kan kawar da kai ya dubi sama ko ƙasa kafin abu ya zo masa. Da Tanimu ya dawo an riga an wuce maganar abincin rana.

Da yammar nan ya sauka a bencin mai shayi kamar wanda ya dawo daga jami'a.

"Jama'a, na gano abin da ya hana ƙasar nan ci gaba."

"To, yau kuma mi ne ne?" in ji mai shayi.

"Sunkuyar da kai! Yaro na kallon ƙasa, mace na kallon ƙasa, suruki na kallon ƙasa. Mi ke cikin ƙasar nan da kowa ke nema? Ilimi ta ido yake shiga. Ranar Alhamis ku fito bakin gudro, babban titi, za ku ga mai aljihu takwas."

Ya fara gwaji a gida. Ya tarar da matarsa Zuliha tana gyaran shinkafa, ya jawo kujera ya zauna gabanta, gwiwa da gwiwa.

"Ajiye faifan nan. Dube ni cikin ido."

"Lafiya, Baban Hidaya?"

"Aiki ne. Zan faɗa miki mataki biyar, kar ki ƙifta."

Ya zayyano su da ƙarfi: a tsinko ganye da safe, a wanke, a shanya a inuwa, a daka a tankaɗe, a zuba a kwalba mai murfi. Zuliha ta zuba masa ido, tana danne dariya.

"To, maimaita."

"Wallahi ban riƙe ko ɗaya ba. Amma akwai furfura uku a girarka ta hagu. Yaushe suka fito?"

"Ba gira na ce ki duba ba!"

"Ai kusa suke. Shekara goma sha biyu ban taɓa kallonka haka ba, ashe idonka ɗaya ya fi ɗaya girma."

Tanimu ya tashi ya kaɗe riga, ya ce hankalinta dai ya zo kansa, wannan shi ne matakin farko na nasara.

Ranar Asabar ya kai shadda wurin Anuhu tela, don ba zai je Jiratawa da tsofaffin kaya ba. Anuhu mutum ne da bai taɓa rubuta awo ba. Yakan ɗora tef, ya ɗaga kai ya dubi kwanon rufin shago, ya motsa leɓe, shi ke nan awon ya zauna a kansa. Ya auna hannu, ya ɗaga kai.

"Ina kake kallo?" in ji Tanimu. "A kwano aka rubuta? Dube ni."

"Malam Tanimu, bar ni in riƙe lambar."

"Shi ya sa nake cewa ka dube ni. Kimiyya ce. Hannu nawa?"

Anuhu ya sauke ido ya ci karo da na Tanimu, a buɗe kamar na mujiya. "Sittin da... a'a, tsaya. Wando ne sittin da biyu ko hannu?"

"Ka gani? Ƙwaƙwalwarka ta farka, har tana yi wa kanta tambaya. Ci gaba!"

Haka aka gama awon, tela na gumi, mai kaya na binsa da ido duk inda ya juya. Da Anuhu ya ce a sake aunawa don zuciyarsa ba ta kwanta ba, Tanimu ya ce ba shi da lokaci, Laraba da yamma zai aiko a karɓa.

Ranar Lahadi ya ce zai je Tibiri gaida surukinsa Malam Gado, don a gwada ilimin a kan tsofaffi. Zuliha ta biyo shi har zaure tana roƙo.

"Don girman Allah kar ka yi wa Baba wannan kallon."

"Ke dai ki jira labari."

Ya tare Bilal mai kabu-kabu, maƙwabcinsu. Sun fita gari, sun kama hanyar Tibiri, sai Tanimu ya lura Bilal na amsa masa magana da ƙeya.

"Bilal, magana nake maka."

"Ina ji, Yaya Tanimu."

"Da kunne kake ji, shi ya sa ba ka ƙaruwa. Gyara madubin nan mu haɗa ido."

"Yaya, ko in dube ka ko in dubi hanya, zaɓi guda."

"Mai hankali na iya duka biyu. Dube ni, ka faɗa mini, goma sha bakwai sau uku nawa?"

Bilal ya karkata madubi. Ya ce arba'in da ɗaya, ya ce a'a hamsin da huɗu, ya ce tsaya. Amalanken shanu da ke gabansu ɗauke da karan dawa bai ji lissafin ba, ya tsaya abinsa. Babur ya shige cikin kara har rabi. Bilal ya tsira da ƙujewar gwiwa, Tanimu kuwa ya wuce ta samansa ya dira cikin dami, ƙafafu a sama. Mai amalanke ya zagayo da sanda.

"Makafi ne ku?"

"Akasin haka," in ji Tanimu daga cikin kara, yana murza idon da ƙaiƙayi ya cika. "Kallo ne ya yi mana yawa."

Bilal ya jawo baburinsa ya juya Maraɗi, ya ce ko kyautar babur za a yi masa ba zai ƙarasa da shi ba. Da ƙafa Tanimu ya shiga Tibiri.

Tun da ya auri Zuliha bai taɓa sanin kalar idon Malam Gado ba. Yakan cire takalmi daga nesa, ya durƙusa, ya gaida tabarma. Yau ma ya cire takalmin, ya durƙusa, sannan ya ɗaga kai ya kafe tsohon da ido.

"Barka da hutawa, Baba."

Malam Gado na tsakiyar ba wa abokan zamansa labarin shekarar da Gulbi ya cika ya ci gonakin fadama. Labarin ya fi shekara talatin a bakinsa, bai taɓa tuntuɓe ba. Ya amsa gaisuwa, ya ci gaba: "To da ruwan ya iso gonar... gonar..." Ya waiwayo, ido na nan. Ya dubi carbinsa, ya sake waiwayowa, ido na nan. "Gonar wa ma na ce?"

"Ba ka faɗa ba tukuna, Malam," in ji wani.

Tsohon ya ajiye carbi. "Tanimu, faɗa mini gaskiya. Sakin Zuliha ka yi?"

"Subhanallahi, a'a, Baba."

"Wani ya rasu?"

"Kowa lafiya."

"To mi na yi maka?"

"Hankalinka nake tarawa, Baba."

Malam Gado ya juya wajen ƙofar gida ya ɗaga murya: "Ku kawo garwashi da hayaƙin nan na aljanu! Mijin Zuliha ya gamu a hanya." Kafin Tanimu ya fara bayanin masanin Yamai, dattawa biyu sun danne kafaɗunsa, na uku ya lulluɓa masa zane, aka tura kasko ƙarƙashi. Ya fito yana tari, hawaye na zuba, ya rantse sau uku cewa ya warke kafin su sake shi. Da zai tafi ya gaida tabarma kamar yadda ya saba, tsohon ya ce, "Alhamdu lillahi, maganin nan bai taɓa ƙarya ba."

Da wani ne, da ya tsaya nan. Tanimu kuwa cewa ya yi in har kallo ɗaya ya tsayar da labarin shekara talatin, to ƙarfin abin ya wuce yadda baƙon ya faɗa. Litinin da Talata da Laraba, in ya taso daga biro, sai ya tsaya gaban madubin Zuliha yana horar da idonsa zama ba ƙiftawa. Ƙaiƙayin kara, da hayaƙin Tibiri, da wannan horo suka haɗu, idanun suka kaɗa jawur kamar gauta, suna ruwa.

Nan take magana ta zaga unguwa cewa Tanimu ya kwaso apolo. Kowa kuwa ya san abin da ake faɗa, cewa ciwon idon nan ta haɗa ido yake tsallakawa, ko likita ya ce ba haka ba ne babu mai saurare. Tanimu na shigowa layi sai kawuna su juya. Mai kanti ya miƙo masa sukari yana kallon rufi. Mai shayi ya juya fuska gabas yana zuba masa shayi a yamma, rabi a kofi rabi a takalmi.

"Kun ga kwarjini?" in ji Tanimu. "Yanzu ko namiji ba ya iya tsayawa gabana."

"Ka je farmasi, Tanimu," in ji mai shayi, har yanzu yana kallon gabas.

"Hassada dai."

Ranar Alhamis da safe ya buɗe ledar ɗinki. Hannun riga ya wuce yatsunsa da taƙi guda, wando kuwa ya tsaya ƙasan gwiwa kaɗan. Zuliha ta toshe baki da gefen zane, ta ce ya sa tsofaffin kayansa. Ya ce ya riga ya gaya wa unguwa da sabuwar shadda zai fita, kuma haka ake yayi a Yamai. Ya naɗe hannuwan, ya ja wandon ƙasa iya yadda zai jawu, ya fita.

A Jiratawa an share gindin wata babbar itaciyar bedi kusa da magudanar ruwan lambu. Mata arba'in suka zo, wasu da goyo, aka raba su ashirin ashirin. Tanimu ne ya sauke kujerun manya daga mota ya jera, don har yanzu shi ne falanto.

Febi ta fara. Ta zauna a tabarma cikin matan da faifan zogale a cinya, tana tsinka tana magana a hankali, su ma suka sa hannu. Babu mai kallon wani, ido duk na kan ganye. In ta yi tambaya sai ta yi shiru ta ci gaba da tsinka, har wata ta amsa. Tanimu na gefe yana girgiza kai.

"Dubi asara," ya raɗa wa direba. "Ko ido ɗaya ba ta kama ba."

Da aka zo kansa ya miƙe ya tsaya gaban nasa matan, ya ware ƙafa, ya ware ido.

"Mata, ku ajiye komi. Kowace ta dube ni cikin ido!"

Mayafai ashirin suka sauko lokaci guda. Rabinsu kunya ce, don baƙon namiji ne. Sauran rabin sun hango jan idon tun yana sauke kujeru.

"Apolo ne," wata ta raɗa. "Rufe wa yaron fuska."

"Ba apolo ba ne, horo ne! Ke mai koren mayafi, ɗago!"

"Malam, ina ji daga nan."

"Ba a ji da ƙeya! Ke ta bayanta!"

Ya bi layi yana sunkuyawa yana leƙa ƙarƙashin mayafai, mata na zamewa, yara suka ɓarke da kuka. Minti goma suka wuce bai ambaci ganye ba. Madam Saloma ta dubi agogo ta yi rubutu a kayenta, ɗan littafin da ke hannunta.

A ƙarshen tabarma akwai wata tsohuwa, Inna Tahira, wadda ta fi shekara hamsin tana kai zogale kasuwar Maraɗi. Ita ba ta rufe fuska ba tun farko, goro take ci. Ta tofar da tuƙa ta ce, "Ɗan nan, kallo kake so?"

"Yauwa, Inna! Ke kin gane."

"Apolo huɗu na yi a rayuwata, na biyar ba zai kashe ni ba. Ku kuma ku buɗe, in ya kama ku ni zan wanke muku. Bawan Allah ya taso tun daga birni don a kalle shi, ku kalle shi mu koma ban ruwa."

Mayafai suka ɗaga. Ido arba'in suka sauka kan Tanimu, har da na goyo. Matan Febi ma da suka gama nasu suka juyo suka ƙara. Babu mai murmushi, babu mai ƙiftawa. Irin kallon da ake yi wa buhun taki ne in ana shakkar an haɗa shi da yashi.

Tanimu ya buɗe baki. Mataki biyar ɗin nan da yake iya faɗa ko cikin barci suka watse kamar kaji.

"To. Madalla. Mataki na farko... a daka."

"A daka mi?" in ji Inna Tahira.

"A daka... sannan a tsinko."

"A daka shi yana bisa itace?"

"A'a, wato, a fara zubawa a kwalba. A wanke kwalbar a inuwa."

Gumi ya karyo masa. Ya ɗaga hannu zai share, naɗin ya warware, hannun riga ya zubo yana lilo. Ya ɗaga kai zai dubi reshen bedi ko abin zai dawo.

"A'a," in ji tsohuwar. "Nan. Idona. Kai ka ce."

Ya dawo da ido. "Wannan ganye da muke magana a kansa, wannan ganye mai albarka, wato ganyen..." Sunan ya tafi. Ya duba cikin kansa, babu kowa. "Mai ƙananan... wanda ake kwaɗawa da ƙuli..."

"Rama?" in ji mai koren mayafi.

"Tafasa?" in ji wata.

"Ku bar shi, zai tuna," in ji Inna Tahira, ta ƙara matsowa da tabarmarta.

"Ganyen furoje!" in ji Tanimu da ƙarfi.

Dariyar da ta tashi sai da masu ban ruwa a lambun ayaba suka ajiye fartanya suka leƙo. Direba ya shige bayan mota ya riƙe ciki. Febi kaɗai ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na motsi.

Madam Saloma ta bari aka lafa, sannan ta tambayi matan Febi. Uku ta zaɓa, ukun suka kawo biyar cif, ɗaya har da ƙarin cewa kar a shanya inda awaki ke wucewa. Ta juyo wajen na Tanimu. Ta farko ta ce an ce a daka kafin a tsinko. Ta biyu ta ce ita dai ta riƙe kwalba. Ta uku ita ce Inna Tahira, ta jero biyar ɗin tiryan-tiryan ba gargada.

Tanimu ya yi tsalle. "Kin ji, Madam? Ita ce ta fi kowa kallona! Kimiyya ba ta ƙarya!"

"Inna, a ina kika koya?" in ji Madam.

"Wajen kakata, ɗiyata, tun ba a haifi uban wanga ba. Mu dai an ce in mun zo za a ba mu rariya sabuwa."

Nan gaban kowa Madam Saloma ta ciro riga mai aljihu takwas daga leda ta miƙa wa Febi, da makullin babur. Mata suka rangaɗa guɗa. Tanimu ya tsaya da hannun riga na lilo, har guɗar ta ƙare. Sannan ya matsa kusa da Febi, ya rage murya.

"Ina taya ki murna. Amma shawara ɗaya, tunda nan za ki yi aiki: ki yi hattara da tsohuwar can. An horar da ita. Ba a ƙasar nan ta koyi kallon nan ba."

"Na gode, Malam Tanimu," in ji Febi.

"Tanimu!" Madam ta kira daga bakin mota. "Kwashe kaya mu tafi. Kujeru nawa muka zo da su, kar mu bar wata?"

Ya juyo, suka haɗa ido. Lissafin kujerun ya watse.

"Ina jinka," in ji ta, ba ta ɗauke ido ba.

"Madam," ya ce a hankali, "don Allah ɗan dubi wajen lambun can, in tuna."